Fitilar da Ta Kama a Motar Nas

Ranar Laraba da safe fitilar inji ta kama a motar Nas. Kafin rana ta take tsaka, mutanen layin sun gama yanke wa Bakanike hukunci, abin da ya rage kawai a sanar da shi.

Ƙanen Nas ne ya tayar da ƙurar, wanda ake kira Guguwa saboda yadda yake tuƙa babur. Da yayarsa ta nuna masa 'yar fitilar mai ruwan ɗorawa tana ci a gaban sitiyari, sai ya shimfiɗa kwali ya leƙa ƙarƙashin motar. Bai yi minti biyu ba ya fito yana salati. Sansar da ke jikin salansa, wadda ke shinshinar hayaƙi ta gaya wa inji yawan man da zai sha, wata biyu ke nan da Nas ta sayi sabuwa fil mai shuɗiyar waya. Yanzu wata tsohuwa ce a wurin, duk tsatsa, an haɗa wayarta da salatif. Kuma shekaranjiya Litinin motar ta yini a garejin Bakanike ana juye mata baƙin mai.

Shi ke nan fa, kowa ya tuno da nasa. Wani ya ce ashe shi ya sa motarsa take shan mai kamar ana zubarwa. Wata ta tuna jak ɗinta da ya ɓace tun bara. Har wanda ko keke ba shi da shi ya ce dama shi bai taɓa yarda da idon mutumin nan ba. Filin da garejin yake na ƙungiyar layi ne, aro aka ba shi shekara ashirin da biyu da suka wuce, don haka Ciyaman ya sa aka zagaya da sanarwa: ƙarfe biyar na yamma za a taru, in ta tabbata Bakanike ya kwashe komatsansa.

Nas kaɗai ce ba ta yanke hukunci ba. Waya ta ɗauka ta kira Bin-Sawu.

*

Shekara goma sha biyu Bin-Sawu ta yi tana aikin wutar mota a wani kamfani kafin ya rufe. Tun daga nan ta koma aiki a barandar gidanta, da wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba da kuma wayar hannunta. Ba ta sayar da kaya, ba ta ɗaura kaya, gaya maka kawai za ta yi inda ciwon yake. An laƙa mata sunan ne saboda in ta kama waya ɗaya sai ta bi ta har inda ta ƙare, kuma haka take yi wa maganar mutane, abin da ya sa ba kowa ke son doguwar hira da ita ba.

Ta tarar da mahaifin Nas, Baba Direba, zaune a baranda da rediyo a kunne. Shekara arba'in ya yi yana jan babbar mota, rabin masu tuƙi a layin nan shi ya koya musu, har da ita. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, 'ya'yansa suka raba shi da sitiyari.

Ta durƙusa. "Baba, ina wuni?"

"Wace ce? Au, 'yar wayoyi. An kira ki ki tambayi mota da bakinta ke nan."

"Ai ta fi mutane faɗin gaskiya, Baba."

Ya yi 'yar dariya, ya ƙara muryar rediyo.

A garejin gidan ta soka na'urar ƙarƙashin sitiyari, ta murɗa makulli. Nas na tsaye a kanta, hannu a ƙirji.

"Ƙwaƙwalwar mota," in ji Bin-Sawu, "da ta ji ciwo sai ta rubuta halin da take ciki a daidai wannan daƙiƙar. Gudu nawa, zafi nawa, komai. Ga shi nan. Wayar sansa ce ta katse farat ɗaya. Ran Litinin da kika ɗauko ta daga gareji, fitilar na ci?"

"A'a. Lafiya lau na kawo ta gida."

"Jiya fa?"

"Ban taɓa ta ba. Motar asibiti na bi, tun safe sai bayan magariba."

"To, jiya wani ya taɓa ta. Lokacin da wayar ta katse, motar nan tana gudun kilomita saba'in da biyu."

Nas ta zaro ido. "Saba'in da biyu? Ni da ko arba'in na kai sai na fara addu'a?"

"Makulli nawa ne?"

"Biyu ne da. Ɗaya yana jakata, ɗayan ya ɓace tun bara."

Bin-Sawu ta kwanta a kan kwalin ta haska fitilar waya. Tsohuwar sansar an ɗaure ta tsaf, ɗaurin wanda ya san aiki. Amma kusa da ita akwai sabon karce a jikin ƙarfe, dogo, da ɗan ɓurɓushin katako maƙale. Ta tashi ta duba agogon motar: daidai yake da na wayarta. Ba a cire batir ba ke nan. Wannan ya tsaya mata a rai, domin ɓarawon da ya san mota abu na farko da zai yi shi ne cire kan batir don ya goge abin da ƙwaƙwalwa ta rubuta.

*

Shagon Mai Ɗinki yana kallon ƙofar gidan su Nas, kuma kekenta a bakin taga yake, ba don haske kaɗai ba.

"Ni fa ba na sa ido a harkar mutane," ta fara, tana jan kujera ga baƙuwarta. "Amma jiya wajen ƙarfe uku na ga Bakanike ya shiga gidan nan. Da wani abu a hannunsa, naɗe a tsumma. Yana tafe yana waige-waige. Sai da na gama hannun riga biyu ya fito."

"Wa ya buɗe masa?"

"A buɗe take. Baba ne kaɗai a gidan, shi kuwa ko giwa ce ta wuce ta gabansa sai dai ya ji ƙasa ta motsa."

"Kin ga fitar motar?"

Mai Ɗinki ta ja tsaki, da gani wannan ya daɗe yana ci mata rai. "Ina zan gani? Ƙofar garejinsu ta lungun baya take. Wanda ya zana gidan nan bai kyauta ba."

"Guguwa fa?"

"Wannan? In dai abu na da taya, ki tambaye shi. Ba shi ya ɗauki motar kawunsa ya kai ta cikin kwata ba? Kuma ki lura, shi ya fi kowa ɗaga murya yau. Ni dai ban ce komai ba."

Bin-Sawu ta fito da mutum biyu a zuciyarta maimakon ɗaya, kuma ba ta ji daɗin ko ɗayansu ba.

*

Garejin Bakanike babu mota ko ɗaya. Biyun da suka kwana a wurin masu su sun zo sun janye su tun hantsi, ɗaya ma ba a gama ɗaura mata birki ba. Yana zaune a kan tsohuwar taya yana wanke sufanu a cikin kananzir, yana jera su bisa girma, aikin wanda ya fara shirin tashi.

"Maigida, sannu da aiki."

"Yawwa, Injiniya. Ke ma an aiko ki?"

"Ni na aiko kaina. Ɗaurin da na gani a motar Nas naka ne."

"Nawa ne."

Ta yi tsammanin zai musa, har ta tanadi abin da za ta ce. Sai ta tsaya tana kallonsa.

"Kai ka sa tsohuwar?"

"Ni na sa. Ita kaɗai na samu a akwati."

"Ina sabuwar?"

"Ba ta wurina."

"Wa ya kira ka gidan?"

Ya ɗaga wata sufana ya duba ta a haske, ya mayar cikin kananzir.

"Me ya sa ba ka cire batir ba?" ta tambaya. "Ka san da ka cire da fitilar ta mutu, ko na kwana ɗaya ne."

"Agogo zai koma sha biyu, rediyo ya manta tashoshi. Da mai motar ta shiga za ta gane. Na ɗauka in an tashe ta sau biyu sau uku fitilar za ta mutu da kanta. Ashe tsohuwar ma matacciya ce."

"Maigida, ƙarfe biyar za su kore ka. Shekara ashirin da biyu. 'Ya'yanka a nan suka tashi. Wa kake rufa wa asiri?"

Hannunsa ya tsaya cikin kwanon. "Na ba wani alkawari," ya ce a hankali. "In sun kore ni, Allah na nan."

Haushi ya kama ta, na gaske, irin wanda mutumin kirki ke ba ka in ya kafe. Ta tashi ba ta ko yi masa sallama ba.

*

Guguwa yana da shagon gyaran waya a bakin titi. Ta same shi yana ba mutum uku labarin yadda ya kama ɓarawo da idonsa.

"Jiya ina ka yini?"

"Nan, Anti. Tambayi kowa. Ko abinci nan aka kawo mini."

Maƙwabtansa biyu suka gyaɗa kai. Ta ce, "Wani ya fita da motar yayarka, ya taka ta har saba'in da biyu."

Ya kwashe da dariya har da buga teburin shagon. "Saba'in da biyu? Haba Anti, kin raina ni. Ni in samu motar nan a hannuna in tsaya a saba'in da biyu? Wallahi sai allurar gudu ta kwanta. Ƙafata ba ta san hanyar sauka daga totur ba."

Rashin kunyar ta ba ta haushi, amma maganar totur ta sa ta sake buɗe wayarta tun kafin ta bar bakin shagon. Ɗazu idonta a kan gudun ya tsaya, ba ta karanta sauran layukan da kyau ba. Yanzu ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Zafin inji daidai. Totur a rufe, ba ƙafa a kai. Juyin inji: ɗari bakwai da hamsin.

Ta sake karantawa. Ɗari bakwai da hamsin juyin motar da ke tsaye ne, tana jiran mai ita a ƙofar gida. Motar da ke gudun saba'in da biyu a cikin giya, ko an ɗaga ƙafa, injinta ba zai sauko nan ba. Hanya ɗaya ce: an fitar da ita daga giya, an sa ta a firi, an bar ta tana gangarawa da nauyinta. Kuma gangara ɗaya ce a kusa da za ta ba mota wannan gudun, doguwar nan ta bayan gada.

Sai ta ji wata murya da ta sani a kunnenta, tun tana 'yar shekara sha tara, tana koyon tuƙi a kan wannan gangarar: "Firi, 'yata, firi! Gangara kyauta ce, ba a saya mata mai." Daga baya a kamfani aka yi ta faɗa da ita har ta bar ɗabi'ar, aka nuna mata haɗarinta. Shi kuwa mai koyarwar bai taɓa yarda kuskure ba ne.

Ta zauna a kan dakalin wani shago. Ta so a ce Guguwa ne. Wallahi ta so.

*

Ƙarfe huɗu da rabi ta koma barandar. Rediyon na nan a kunnensa, amma a kashe.

"Baba, ni ce. Saura rabin awa su kori Bakanike."

"Na ji ana faɗa."

"Motar ta gaya mini abin da ya faru. Zan faɗi abin da ta ce, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Amma ba zan kira suna ba."

Ya sauke rediyon daga kunnensa. "Na'urar taku," ya ce, "har fuska take gani?"

"A'a, Baba. Hannu kawai take ganewa."

Ta jira. Ya mayar da rediyon kunnensa, ta tashi ta tafi.

*

An jera bencina a gaban garejin. Ciyaman na tsakiya da hularsa ta taro, Mai Ɗinki a sahun gaba inda ba abin da zai wuce ta, Guguwa a tsaye don zama ba zai ishe shi ba. Bakanike na gefe, akwatunan kayansa uku a ɗaure a bayansa. Can ƙarshe Nas ta iso riƙe da hannun mahaifinta, wanda ya ce shi ma sai ya zo. Aka ba shi kujera.

Ciyaman ya yi gyaran murya. "Bakanike, kai ka sa tsohuwar sansa a motar baiwar Allah nan?"

"Ni ne."

Wurin ya ɗauki hayaniya. "To me ake jira?" in ji Guguwa.

"Ni ake jira," Bin-Sawu ta ce, ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ba a sace sansar nan ba. Karyewa ta yi. Jiya da rana wani ya fita da motar ta lungun baya, ya taka katako a hanya, katakon ya daki ƙarƙashinta ya tsinke waya. Karcen na nan, kowa na iya leƙawa. Bakanike gyara aka kira shi ya yi, ya sa abin da ya samu."

"Shi ya fita da ita mana!" wani ya ce daga baya.

"Na bincika: jiya har ƙarfe uku yana ƙarƙashin motarka yana cire birki. Kai da kanka kana zaune a kansa."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Idanu suka koma kan Guguwa, Mai Ɗinki har da gyara zama.

"Ba shi ba ne," in ji Bin-Sawu. "Ga abin da motar ta rubuta. Gudu saba'in da biyu. Ba ƙafa a totur. Inji yana juyin motar da ke tsaye." Ta kashe wayar. "A firi take. A gangarar bayan gada."

Ba ta ƙara ba. Ba ta buƙatar ƙarawa. Ta ga maganar tana shiga mutane ɗaya bayan ɗaya, duk waɗanda suka taɓa zama a kujerar direba ana ce musu gangara kyauta ce. Ciyaman, wanda shi ma a wannan hannun ya koya, ya cire hularsa ya duba cikinta. Ba wanda ya yarda ya kalli kujerar da ke ƙarshe. Nas ce kaɗai ta juya.

"Baba?"

Tsohon ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da tsumma. Ya warware shi a kan cinyarsa: sansa mai shuɗiyar waya, kanta a fashe, da makullin mota ɗaya.

"Duk ranar da kika bi motar asibiti nake fita da ita," ya ce. "Tun bara."

"Ina kake zuwa? Baba, ina kake zuwa da ba za ka ce in kai ka ba?"

"Ba inda nake zuwa, uwata. In haye gada, in gangara, in juyo. Hanyar na san ta kamar tafin hannuna, ba sai na gani ba." Ya shafa sansar da yatsa. "Jiya na ji na taka abu. Na tsaya, na fito, na bi titi ina lalube da ƙafa. Sai da na taɓa na ji katako ne. Kafin in taɓa ɗin nan, ban san ko mene ne ba. Ban san ko wane ne ba."

Nas ta toshe bakinta da mayafi.

"Na kira wannan bawan Allah na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya rufa. Yau tun safe ina zaune ina jin ana kiransa ɓarawo, na yi shiru, don kada a karɓe mini makulli. Shekara arba'in ban taɓa gudu na bar wanda na buge a titi ba. Yau na yi." Ya ɗaga murya. "Ciyaman, in akwai wanda za a kora daga layin nan, ga ni."

"Ba wanda za a kora, Baba," Ciyaman ya ce, kansa a ƙasa. "Bakanike, ka kwance kayanka. Mun zalunce ka, ka yafe mu."

Mai motar da ba a gama ɗaura wa birki ba ya fara lallaɓawa zai je ya turo ta. Guguwa ya rasa inda zai sa idonsa, ya je ya kama igiyar akwati ɗaya yana kwancewa ba wanda ya sa shi. Bin-Sawu ta tsaya da wayarta a hannu. Ta bi sawu har ƙarshensa kamar kullum, kuma ba ta taɓa jin baƙin cikin yin daidai irin na yau ba.

Baba Direba ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki makullin. "Ungo, uwata," ya ce, ya miƙa hannu.

Amma Nas ta hagunsa take. Inda ya miƙa babu kowa, sai bangon gareji. Hannun ya tsaya a iska, makullin na lilo, mutane suna kallo ba mai motsi.

Bakanike ne ya tako. Ya goge hannunsa a jikin wando, ya kama wuyan hannun tsohon a hankali, ya juya shi zuwa inda 'yarsa take tsaye tana kuka.

"Nan take, Baba," ya ce.